Kafin a zagi matan da ke haihuwa a gida, a fara kunna fitilar ɗakin haihuwa

Jiya da yamma ina wanke-wanke rediyo na kunne, sai naji ana hira da wani jami'in lafiya yana ta faɗa wai matsalar mata ita ce basa son zuwa asibiti haihuwa, wai an gina musu asibiti an zuba ma'aikata amma jahilci da taurin kai sun hana su zuwa, sai abu ya ɓaci sannan a kwaso su ranga-ranga a ce likita ya yi dabara. Wallahi sai da na tsame hannuna daga ruwan na tsaya ina hararar rediyon kamar shi ya yi min laifi. Don wata huɗu kenan da na kwana a ɗakin haihuwa da ƙanwata, kuma abin da idona ya gani a daren nan bai yi kama da maganar mutumin nan ba ko kaɗan.

Ni dai ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa: asibitin da ba shi da tsayayyiyar wuta a ɗakin haihuwa bai kamata a lissafa shi cikin wuraren da mace ke samun ƙwararren taimako ba, ko da kuwa ungozomar da ke ciki ta fi kowa takardu. Kuma macen da ta ƙi zuwa irin wannan asibiti da daddare, sau da yawa lissafi ta yi, lissafin da mu masu zaginta bamu tsaya mun yi ba.

Daren da na riƙe waya

Naƙuda ta kama ƙanwata wajen ƙarfe goma na dare, haihuwar fari ce, duk awonta ta je babu fashi ko ɗaya. Muka isa asibiti akwai wuta, aka duba ta aka ce da saura. Ungozoma ɗaya ce tal a kan aiki, mata uku a kwance. Wajen ƙarfe biyu, daidai lokacin da abu ya kankama, sai ɗif. Na zaci minti biyar za a ta da janareta. Ashe janaretan yana nan amma babu mai a cikinsa, wanda ke sa hannu a fitar da mai kuma sai da safe yake zuwa.

Ungozomar nan ko a jikinta, alamar ta saba. Ta zaro wayarta daga aljihu ta kunna tocila ta ce min, "Anti, zo riƙe min nan, haska daidai inda hannuna yake, don Allah kar hannunki ya yi rawa." Ni da ko yankan kaza bana iya kallo. Haka na tsaya, jariri ya fito, ta juya shi ta goge shi ya yi kuka, sai ta ce in mayar da hasken kan uwar saboda ta ƙaru kuma jini na zuba, to yanzu fa fitila ɗaya ce, in na haska uwa ɗa yana cikin duhu, in na haska ɗa uwa tana cikin duhu, ga wata a gadon gefe tana kiran sista sista ita ma abu ya taso mata. Da hasken wayar nan aka yi ɗinki. Lokacin da aka gama cajinta saura kashi tara.

Alhamdulillahi uwa da ɗa suna lafiya, kuma ungozomar nan har gobe ina yi mata addu'a. Amma da gari ya waye abin da ƙanwata ta fara ce min shi ne, "Yaya, in dai haka ne gaba a ɗakina zan haihu, ko banza ina da fitila mai caji." Na yi mata faɗa sosai, na ce kar in sake ji. Amma a raina na rasa da me zan ƙaryata ta.

To ita ce fa jahilar da ake magana a rediyo. Wacce ta je awo, ta sha magungunanta, ta zo kan lokaci.

Kuma kar wani ya ce tsautsayin dare ɗaya ne. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomin makamashi sun fitar da rahoto da ya ce mutane kusan biliyan 1 a ƙasashe matalauta da masu ƙaramin ƙarfi suna dogaro ne da asibitocin da ko dai babu wuta sam, ko kuma wutar ba abin dogaro ba ce. A Afirka kudu da Sahara kashi 15 cikin 100 na cibiyoyin lafiya ba su da wuta kwata-kwata, a Kudancin Asiya kashi 12. Sai ku ɗora wannan a kan lissafin mata kusan 260,000 da suka rasu a duniya a 2023 saboda ciki da haihuwa, wanda kusan kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara suke. Ban ce duhu ne ya kashe su duka ba, haba. Amma taswirar duhun da taswirar mutuwar sun yi kama da juna fiye da yadda hankali zai kwanta.

Wani abu kuma da masu tsara kasafin asibiti suke yi kamar basu sani ba, naƙuda ta fi son dare. A Ingila an bi diddigin haihuwa sama da miliyan 5 daga 2005 zuwa 2014, aka ga cewa haihuwar da ta zo da kanta ba tare da an tayar da naƙuda ko an yi aiki ba ta fi yawa tsakanin ƙarfe 1 zuwa 7 na safe, ta fi tsanani wajen ƙarfe 4 na asuba. Kowace ungozoma ma ta san wannan ba sai an kawo mata takarda ba. Wato daidai lokacin da babu rana, babu shugaban asibiti, babu mai makullin sito.

"Ai kakanninmu a duhu suka haihu"

Wannan ita ce magana ta farko da ake jefo min duk sanda na ta da zancen. Gaskiya ne sun haihu. Waɗanda suka rayu su ne suka bamu labari, waɗanda jini ya kwashe ba su zo sun faɗi nasu ba.

Mafi yawan haihuwa lafiya ƙalau take zuwa, ko da fitila ko babu. Ai dama ba don haihuwa mai sauƙi ake neman ƙwararriya ba, ana nemanta ne don ranar da abu zai juya, kuma babu wanda ya san wace mace ce zai juya wa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu jego a duniya, kuma yana iya gamawa da mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Aikin ungozoma a wannan lokaci kusan duk na ido ne. Ta ga yawan jinin da ya zuba a zani da ƙasa, ta ga daga ina yake fitowa, daga mahaifar da ta ƙi tsukewa ne ko daga yagewa, ta ɗaga mabiyiya ta duba ko ta fito cikakkiya ko wani yanki ya maƙale a ciki, ta nemo jijiya a hannun macen da jininta ya yi ƙasa jijiyoyin duk sun ɓuya don a sa mata ruwa. A hasken waya jini da ruwan haihuwa duk baƙi-baƙi suke, na gani da idona.

Jariri kuma in ya fito bai yi kuka ba, minti ɗaya ake da shi a fara hura masa iska. Abin hurawar na hannu ne baya buƙatar wuta, amma sai an ga ƙirjinsa yana ɗagawa kafin a san iskar na shiga. Hannu biyu ne aikin. Wa zai riƙe tocilar? Shi ya sa za ku ji ungozomomi na cewa a baki suke cije waya.

"To ai akwai janareta"

Akwai kam. Mu ma a daren akwai shi.

Janareta na son mai, mai na son kuɗi, kuɗin kuma a ƙananan asibitoci shi ne abin da ba a saki kan lokaci. Sai a koma rabo, a kunna awa kaza a kashe, ko a ce sai in tiyata ta taso. In tiyatar ta taso kuma a fara neman mai kunnawa, a ja ya ƙi tashi, a duba batir. Mace mai doguwar naƙuda da kan ɗa ya ƙi wucewa, ko wacce mahaifarta ke shirin fashewa, kowane rabin awa da aka ƙara mata yana iya zama ran ɗan, ko yoyon fitsarin da zata yi shekaru tana fama da shi.

Sannan akwai kayan da ba ruwansu da wutar "in buƙata ta taso", wuta suke so dare da rana. Allurar oksitosin, wacce ake yi wa mace da zarar ɗa ya fito don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ana so a ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In firij na mutuwa yana tashi, zafi na cin ƙarfinta a hankali, kuma abin tsoron shi ne kwalbar bata canja kama, ruwa ne garai-garai kamar kullum. Ungozoma zata yi allurar da zuciya ɗaya, jini ya ci gaba da zuba, ta ƙara wata, a rubuta cewa an yi duk abin da ya kamata. Jinin ƙari shi ma a firij yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 6, asibitin da bai da tabbacin wuta ba zai ma ajiye jini ba, sai dai a tashi dangi cikin dare a fara neman wanda nasa ya dace. Injin da ke tace iskar oksijin yana tsayawa ne a sakan ɗin da aka ɗauke wuta. Kwalbar bakwaini ta huce. Tukunyar dafa almakashi da kayan aiki bata kai zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba. Famfon da ke tura ruwa tanki ya tsaya, ɗakin haihuwa babu ruwan wanke hannu.

Ni wannan na oksitosin ɗin ya fi tsaya min a rai, saboda duhun da ake gani ko banza ana iya kunna waya, wannan kuwa ɗauke wutar da aka yi sati biyu da suka wuce da rana tsaka ne yake zuwa ya kashe mace yau, kuma babu wanda zai taɓa danganta su.

Akwai dai sauƙi ta wani ɓangaren, kar in yi rashin adalci. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata allura mai suna kabetosin mai jure zafi don riga-kafin zubar jinin, bayan an gwada ta a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, ga kuma ƙwayar misoprostol da ita ma bata buƙatar firij. Bakwaini kuma in ba ya cikin mawuyacin hali ana ɗaura shi a ƙirjin uwa fata da fata ya samu ɗumi. Duk dabaru ne masu kyau kuma ya kamata su kai ko'ina. Sai dai babu ƙwayar da zata haska wa likita cikin da ya yanka.

"Matsalar ƙarancin ma'aikata ce, ba wuta ba"

Wannan ce hujjar da na fi girmamawa, don akwai gaskiya a cikinta. Ko an kunna fitila dubu in babu ungozoma, ɗaki ne kawai mai haske. Kuma na san akwai matan da abin da ke hana su zuwa nisa ne, ko rashin abin hawa, ko kuɗin kayan haihuwa, ko tsawar da wata nas ta taɓa yi musu a gaban mutane. Wuta bata maganin ko ɗaya daga ciki.

Amma ku tambayi kanku me yasa ungozomar da aka tura ƙauye take neman canjin wurin aiki tun kafin ta shekara. Mace ce ita ma fa. An ce ta kwana ita kaɗai a gini mai duhu a bayan gari, babu fanka, babu inda zata yi cajin waya, in haihuwa ta zo da gardama ita za a kama da laifi. Wasu sai su rufe da magariba su ce a dawo da safe, wasu kuma da sun ga mace da ɗan alamar matsala sai su rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, abin da zasu iya yi da kansu in da haske, saboda babu mai son gawa a hannunsa. Sai a ɗauki mace mai naƙuda a hau hanya cikin dare. To rashin wutar nan yana daga cikin abin da ke korar ma'aikatan, yana kuma rage amfanin waɗanda suka daure suka zauna.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kowa na ɗaukar wuta a matsayin matsalar na ukun kawai. Ni ina ganin ta fi yin ɓarna a na farkon. Labari ke yawo, mace ɗaya ta dawo ta ce da tocila aka ɗinke ta, shikenan matan layin gaba ɗaya sun ji, mazajensu sun ji, ranar da naƙuda ta tashi ƙarfe ɗaya na dare sai a ce bari dai a ɗan jira gari ya waye. A jihar Maharashtra ta Indiya wani bincike da aka wallafa a 2019 ya haɗa bayanan ɗauke wuta da na haihuwa, ya nuna cewa inda aka fi yawan ɗauke wuta, yiwuwar mace ta haihu a asibiti na raguwa. Wato maganar ƙanwata ce dai, da yaren masu alƙaluma.

Abin da ke bani haushi da yadda ake lissafin ma shi ne, a muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya an sa burin rage mutuwar mata zuwa ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000 nan da 2030, kuma ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne yawan haihuwar da ƙwararren ma'aikaci ya karɓa. Tambayar da ake yi wa uwa ita ce wa ya karɓi haihuwarki. Ba a tambayar ko yana ganin abin da yake yi. Haihuwar ƙanwata ta shiga lissafin nasara kenan, da ni da hannuna mai rawa da caji kashi tara.

"An sa sola ai, ta mutu"

Eh, wannan ma na gani. Faranti a saman rufi ƙura ta rufe shi, batir ya kumbura, inbata ta ƙone tun ranar da wani ya jona dutsen guga ko abin dafa ruwa. An zo an yanke kyalle an ɗauki hoto an tafi, babu wanda aka bar wa alhakin gyara, babu ko sisi a kasafi na canjin batir, alhali kowa ya san batir na da shekarun da yake yi ya gaji. Laifin sola ne wannan? Motar asibiti ma in ba a canja mata baƙin mai ba haka zata zauna a kan duwatsu.

Kuma abin da ɗakin haihuwa ke buƙata don a fita daga duhu bai kai yadda ake zuzutawa ba. A 2008 wata likitar mata 'yar Amurka, Laura Stachel, ta je wani asibitin gwamnati a Zariya don nazarin abin da ke kashe mata wajen haihuwa, ta tarar ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana ɗage tiyata saboda babu wuta. Mijinta Hal Aronson masanin sola ne, sai suka haɗa wani ɗan akwati mai ɗauke da batir da fitilu masu haske da wurin cajin waya da abin jin bugun zuciyar ɗan tayi, daga nan ƙungiyarsu ta We Care Solar ta samo asali, kuma akwatin nan ruwan ɗorawa ya shiga dubban asibitoci a Afirka da Asiya. Akwati fa, wanda mutum ɗaya zai ɗauka. Ba zai ja ɗakin tiyata ko kwalbar bakwaini ba, wannan sai babban tsari, amma a daren da nake baku labari shi kaɗai ya ishe mu. Firij ma yanzu akwai masu aiki kai tsaye da rana ba tare da batir ba, suna daskarar da ƙanƙara da rana ta riƙe sanyin har kwanaki, da su ake ajiye alluran riga-kafin yara a wurare da dama. In an iya yi wa riga-kafi, me ya hana a yi wa oksitosin?

Masu cewa a bari sai an gyara wutar ƙasa gaba ɗaya kowa ya samu, bani da doguwar amsa gare su. Ciki wata tara ne.

Abin da nake so in gani ba mai wahala ba ne. Ɗakin haihuwa da na tiyata da firij ɗin magani su zama a kan layinsu daban, da batirinsu daban, wanda ofishin shugaba da na'urar sanyaya ɗakinsa basu isa su taɓa ba. Kuɗin gyara da canjin batir ya shiga kasafi tun ranar da aka sayo kayan, da sunan mutumin da za a kira in ta lalace. Masu zuwa duba asibiti su daina zuwa ƙarfe goma na safe an share an goge, su zo ƙarfe uku na dare babu sanarwa su danna makunni. Kuma duk macen da ta rasu wajen haihuwa, a takardar binciken mutuwarta a sa layi ɗaya: akwai wuta a lokacin ko babu, firij ɗin ya yi kwana nawa a kashe a watan. In aka yi shekara ɗaya ana cike wannan layin da gaskiya, ina ganin hirar rediyon zata canja salo.

Mu ma masu zuwa awo da masu raka su muna da abin yi. Muna tambayar kayan da za a sayo, safar hannu da auduga da sauransu, amma ban taɓa jin wacce ta tambayi nas, "Sista, in aka ɗauke wuta da daddare me kuke kunnawa?" ba. A riƙa tambaya, a gaban kowa, har ta kai kunnen masu sa hannu.

Ƙanwata dai har yanzu bamu gama wannan rigimar ba. Na ce mata ko da tocila ne hannun ungozoma ya fi babu, don da a gida jinin nan ya tsinke mata ban san me zamu yi ba, kuma ta yarda da wannan. Ta ce zata koma in Allah ya kawo wani, amma da sharaɗin ni zan sake raka ta, in zo da fitilar goshi guda biyu da cikakken caji, ɗaya tawa ɗaya ta sista. Na riga na saya, suna cikin jakar da muka je da ita wancan karon.